Faɗa-wutan Kawu Habu

Kun dai san Kawu Habu: in ya shigo ɗaki, sai ya gaisa da ƙwan lantarki kafin ya gaisa da mutane. Kana miƙa masa hannu, shi kuwa kansa na sama yana duba ko wani faɗa-wuta ya maƙale a silin. Ni ɗan ƙanwarsa da muka zauna fulat ɗaya a unguwar Al Rigga ta Dubai, ai na ga ta kaina.

Firizarmu rabi nama rabi ƙwari, don a can yake ajiye su kafin ya baza musu fukafukai, ya soke su da allura cikin akwatin gilashi, kowa da danginsa, kowa da sunansa a ƙasa. Wata rana abokina Nura ya buɗe wata roba yana zaton dambun nama ne. Kawu ko motsi bai yi ba, ya ce, "Ajiye wannan, habibi, ban gama tantance su ba. In yunwa kake ji, ɗauki ta ƙasan, su na san sunansu."

Wanda ya hana mu sakat kuwa wani ɗan toka-toka ne da ya kama a siton da yake aiki a Ras Al Khor, kan buhun zoɓon da aka kawo daga Kano. Duk faɗa-wutan Dubai da ke akwatinsa babu mai irin zanen fiffikensa. Kawu ya ce ransa na ba shi ɗan gida ne, amma ba zai rubuta suna da zato ba, sai an kawo masa wani daga Kano ya jera su ya gani.

Na ce, "Haba Kawu, rubuta kawai mana, wa zai kama ka?"

Ya ce, "Kai in aka sa maka sunan wani a fasfo, shiru za ka yi?"

Shi ke nan fa, tsaraba ta canja. Duk mai tafiya gida sai Kawu ya tare shi da kwalin ashana: ba kilishi, ba ƙuli-ƙuli, a leƙa masa inda ake tara zoɓo a kamo masa irin ƙwaron nan. Issoufou Bamaraɗe, mai harkar kago, wato jigilar kaya, a Murshid Bazaar, ya dawo da wani malam-buɗe-littafi mai ruwan ɗorawa, yana washe baki da ɗan Faransancinsa. "Tonton, voilà, mafi kyau na zaɓo maka." Kawu ya dube shi ya ce, "Ɗan'uwansa na aike ka nema, ka kawo min amarya."

Hajiya Rabi maƙwabciyarmu ita ta samo na gaske, amma don kada ya ɓace sai ta adana shi cikin fasfo. Ya iso a murƙushe, garin fiffiken duk ya manne a takarda. Kawu ya sa gilashin dubawa ya daɗe a kai, sannan ya ce, "Hajiya, zanen ya koma kan biza. Ki bar min shafin nan." Wallahi da ƙyar ta fizge abinta.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti ma bai fasa ba, duk mai zuwa dubiya tambayar farko ita ce yaushe zai je gida. Abin ya tsaya min a rai. Da na samu hutu na je gida, sai na wuni a rumfar masu zoɓo a Dawanau, ana min kallon taɓaɓɓe, har na kama guda lafiyayye na shimfiɗa masa auduga.

A kan teburin gadon asibiti Kawu ya jera su biyu. Nas na tsaye da magani, ya ce ta jira shwaiya, wato ɗan kaɗan. Ya duba fiffike, ya duba gashin kai, ya sake dubawa.

"Ɗan gida ne," ya ce. "Kago ya biyo, ko biza ba shi da ita. Miƙo min biro."

Na ce in rubuta masa, ya ƙi. Da kansa ya rubuta sunan, a karkace, da ƙyar ake karantawa. Sati bai cika ba ya rasu, kuma har yau in na kalli rubutun nan sai idona ya ciko.

Allah Ya jiƙan Kawu Habu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa can ta fi masa nan.