Shekara Shida Babu Habu, Wayar Tana Ɗumi

Yau shekara shida da rasuwar ƙanena Habu, mai gyaran wuta a Ƙofar Wambai. Ciwon hanta ne ya yi ajalinsa, Allah Ya jiƙansa. Na saba tuna shi da dariya, amma bana da faɗuwar gaba nake tuna shi.

'Yata Hadiza tana aiki a wani shagon kwamfuta a Wunti, inda ɗalibai ke rubuta jarrabawa. Teburinta yana can ƙuryar ɗaki, kusa da babbar na'urar da suke kira saba, wadda duk sauran kwamfutocin ke ɗebo bayanai daga cikinta. Tagar ɗakin an yi mata ƙarfe, ƙofar baya kuma kullum da kwaɗo. Habu ne ya ja wayar wutar ɗakin, lokacin saba ɗaya ce. Bana mai shagon, Oga Sande, ya ƙaro biyu a kan wannan wayar.

Na taɓa raka Habu wurin, ina riƙe masa tsani. Da rana ce, wutar gari ta yi sanyi, ƙwan lantarki ya yi ja. Na ce to ai yanzu na'urar ta huta, tunda abincinta ya ragu. Ya yi dariya.

"Yaya, ba ka san halinta ba. Cikinta sai ya cika. In ka ba ta ƙaramin cokali, sai ta ƙara yawan loma. Wuta ta yi rauni, ita kuma ta ƙara ja, waya ce ke shan wahala."

Shi ya sa ba ya yarda da lissafin da aka yi lokacin da wuta ke da ƙarfi. Sai ya jira ta yi sanyi, a kunna komai, sannan ya maƙala ma'auninsa a jikin waya.

Yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina iya karanta lambobin da ke bayan sabar. Amma in haɗa su in san ko wayar za ta ɗauka, wannan ban kai ba. Makon jiya na kai wa Hadiza saƙo, na ɗora bayan hannuna a kan wayar. Da ɗumi, kamar goshin yaro mai zazzaɓi.

Na sami Oga Sande. Mutumin kirki ne, ya je jana'izar Habu.

"Baban Hadiza, kai ma ya zama injiniya? Ba komai, wuta ma ba ƙarfi, yaya za ta ƙone?"

Maganata ce ta wancan lokacin, ga ta a bakin wani. Da Habu na nan, da ya zauna a kan benci ya ƙi tashi sai an kashe saba ɗaya. Ni ba ni da wannan bakin. Na dai je na roƙi Malam Ɗanjuma, abokin aikin Habu, ya zo ya auna da rana. Ya duba ma'aunin, ya dube ni, ya ce a canza waya. Oga Sande ya yarda, amma sai an gama jarrabawa, wai ba zai rufe shago ɗalibai na layi ba.

Kayan aikin Habu an raba su tuni, shagonsa ya koma na tela. Abin da ya bar mini shi ne wannan tsoron, kuma ba na so ya tafi. Na samu an cire kwaɗon ƙofar baya. Gobe da safe Hadiza za ta koma teburinta, jarrabawa kuma saura mako biyu a gama ta.