Tsohon Minista da Ƙaguwa

Yana zaune a rumfar ƙaguwa, bakin teku a garin Whitby: tsoho, fuska jawur, kwat ta yi masa yawa. Mai rumfar ta ce minista ne a da. Yana ganin 'yar jarida ta saita kyamara, sai ya ɗaga gudumar fasa ƙaguwa.

"Gwamnatin nan? Matsorata!" Ƙwas! "Sun kashe ƙasa, 'yan banza! Da ni ne, da na murɗe wuyansu!" Ƙwas! Ɓawo ya tsarge masa yatsa, jini na ɗiga, ko kallo bai yi ba. Wataƙila a gida bango kaɗai ke sauraronsa.

'Yar jaridar ta ce, "Baba, ɗan gusa mana. Ƙaguwar muka zo ɗauka."

Ya gusa, da gudumar a hannunsa.