Hureira Tsakanin Jirgin Ruwa da Masaukin Bakin Teku

Shekara goma sha ɗaya ke nan Hureira tana zaune a Kuala Lumpur, tun lokacin da mijinta, Dakta Abdulwahidu, ya sami aikin koyarwa a wata jami'a. A cikin matan Arewa mazauna birnin, ita ce mai ɗaukar ɗawainiya. In an haihu, ita ke raba aikin suna. In baƙuwa ta sauka, ita ke nuna mata inda ake samun kuɓewa a unguwar Brickfields. Ba ta da yawan fara'a, amma ba ta taɓa ɗaukar aiki ta yar da shi ba.

Da aka ce aminiyarta Najiba za ta koma Zariya a ƙarshen wata, don mijinta ya kammala karatu, sai Hureira ta ƙudurta abu guda. Shekara shida Najiba tana toya masa tana sayar wa ɗalibai, ba ta taɓa yini biyu ba tare da ta hura wuta ba, ba ta kuma taɓa tsoma ƙafa a teku ba. Lalle ne ta huta kafin ta tafi.

Bayan mako guda tana bincike, ta tara matan gida biyar a wani gidan abinci a Kampung Baru.

"Hanya biyu ce," in ji ta. "Akwai jirgin ruwa na shaƙatawa, kwana uku, daga Port Klang zuwa Penang da Langkawi. Abinci a dafe, na halal, ba mai ɗora tukunya. Aibinsa, ɗakunan ƙanana ne, kuma ba ya daɗewa a gari. Akwai kuma masauki a bakin teku a Port Dickson: ga fili, ga sauƙi, kowa ya tashi lokacin da ya ga dama. Amma yana da ɗakin girki, kuma na san halinmu. Ni jirgi na zaɓa. Mai magana ta yi yanzu."

"Haba Yaya, duk abin da kika yanke," in ji Ɗelu, matar wani malami.

"Boleh lah," in ji Surayya, ƙaramarsu, wato "ba laifi" da yaren Malay, aka yi dariya.

A nan Hureira ta yi kuskure. Ta ɗauki wannan a matsayin amincewa, ta manta cewa ba wadda za ta musa wa babba a gaban jama'a.

Washegari waya ta fara ƙara. Ɗelu ta gaishe ta, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Yaya, wai da gaske ba a shiga jirgin da tukunyar lantarki? Kin san Baban Zaid, in bai ci tuwo ba cewa yake azumi ya yi."

"Kwana uku ne, Ɗelu, ba hijira ba."

"To, ki faɗa masa da bakinki."

Surayya ta kira ta ce fasfonta yana ofishin jami'a ana sabunta mata izinin zama. Wata ta ce surukarta ta bugo daga Kano ta hana a kai mata jikoki tsakiyar ruwa. Kowacce kuma ta rufe da, "Amma don Allah kada ki ce ni na ce."

Haka aka tafi Port Dickson, bayan motoci cike da garin tuwo da kuka da daddawa. Abin da ya fi ƙona wa Hureira rai shi ne kaskon masa da ta gani a cikin kayan Ɗelu.

"Wannan fa?"

"Ai sai mun ci masar bankwana, Yaya."

Najiba, saboda kara, ta karɓi kaskon. Ta ɗaura zani ta jiƙa shinkafa. Kwana biyu maza suna ƙarƙashin itatuwan kwakwa suna gardamar siyasa, yara suna cikin ruwa, wadda aka zo dominta tana gaban kasko tana share gumi. Duk lokacin da Hureira ta ce ta fito, sai a ce bari a kwashe wannan zubin tukuna.

Ranar komawa da safe, Hureira ta iske an sake kwaɓa ƙullu. Ta kashe gas, ta fitar da matan, ta kulle ɗakin girkin, ta jefa makullin a jakarta.

"Hajiya, karin kumallo fa?" in ji Dakta Abdulwahidu.

"Akwai shagon mamak, na abincin Indiyawa Musulmi, a bakin titi, Dakta. Ku je ku yi tapau, a ƙunso muku ku kawo."

Ta kama hannun Najiba suka nufi teku. Ruwan ya janye, sai da suka yi tafiya mai nisa a kan jiƙaƙƙen yashi kafin su cim masa, ga shi ƙarfe goma sha biyu za a bar masaukin. Najiba ta tattare zaninta, ta shiga har idon sawu.

"Ashe ɗumi ne da shi," in ji ta. Can kuma ta waiwaya. "Yaya, ƙullun nan fa zai yi tsami."

"Bar shi ya yi," in ji Hureira, ba ta saki hannunta ba.