Siririyar Taya da Babban Yatsan Baba

Mahaifina ba ya iya wuce keke bai danna tayarsa ba. Ko na wane ne, ko a ina aka jingine shi, sai ya sunkuya ya sa babban yatsa ya latsa, sannan ya yanke hukunci. Hukuncin kuwa kusan kullum ɗaya ne: an cika iska. Ɗan koli ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wani baƙin keke mai nauyi, yana cin kasuwanni daga Gumel zuwa Maigatari, zuwa Gagarawa, zuwa ƙauyukan Sule Tankarkar. A ƙasarmu ta rairayi kowa ya san hujjarsa. Taya mai tauri nutsewa take yi a yashi, mai ɗan laushi kuwa sai ta baje ta hau kansa. Ga kuma zafin bazara da kan kumbura tif har ya fashe wa mutum a tsakiyar daji. Don haka idan Baba ya rage wa kekenka iska, alheri ya yi maka, godiya ake yi masa.

Ni na gama sakandare tun kafin a yanko mana sabuwar jiha. Da aka yanko ta, kowa ya ce yanzu aiki zai biyo mu har ƙofar gida. Bai gane ƙofarmu ba. Shekaruna suna ta ja, sa'o'ina suna ta aure, ni ina nan a ɗakin zaure. Da na gaji da jira sai na kama kai burodi ƙauyuka, daga Gumel zuwa Ɗanzomo da rugagen da ke bayanta. Abin da ya rufa mini asiri a wannan sana'a shi ne wani keken gwanjo da na samu a kasuwar Maigatari, mai giyar canja gudu, mai ƙiba-ƙiban tayoyi masu haƙora kamar na tarakta. Da na shigo da shi unguwa an sha dariya, har aka ce na sayo ɗan jaki. Dariyar ba ta daɗe ba. Inda masu baƙin keke suke sauka su tura, ni nakan wuce su a zaune, da kwandon burodi a baya, ina yi musu sannu da hanya don su ji haushi.

Gaskiya ina da ƙafa. Ba na jin kunyar faɗin haka, don ita kaɗai ce abin da aka taɓa yabo a jikina. A duk ƙasar nan babu wanda ya taɓa riga ni zuwa wani wuri a kan keke, kuma samarin Gumel sun gwada.

Wanda ya fara gaya mini cewa ƙafar nan tana iya ciyar da ni wani malamin wasanni ne a makarantar da na gama, Kirista, mutumin Jos, wanda ya yi tseren keke a can lokacin samartakarsa. Wata rana ya tare ni a bakin tasha, ya ce masu kula da wasanni na sabuwar jiha za su zo su yi tseren gwaji. Waɗanda suka zo a gaba za a tafi da su Dutse, a ba su horo, a kuma ɗauke su aiki da albashi.

"Malam, aiki fa ka ce? Na gwamnati?"

"Na gwamnati. Amma ka ji da kyau, saurayi, shekarunka sun zo baki. In ka rasa wannan, na gaba ba za su ko dube ka ba."

Tun daga ranar ban ƙara tunanin komai ba sai taya. Gari ya cika da jita-jita a kan hanyar da za a bi. Wasu suka ce ta burtali za a ratsa a nufi Sule Tankarkar, wanda in haka ne to an gama, masu haƙorana za su cinye kowa. Wasu suka ce kwalta ce zalla. Daga ƙarshe malamin ya tabbatar mini: daga Gumel zuwa kusa da Maigatari, a juyo, duk a kan titi. Ya dubi tayoyina ya girgiza kai. Ya ce a kan kwalta haƙoran nan ƙarfina kawai za su sha, kowane juyi suna riƙe ni. Abin da nake bukata siririya ce mai sulɓi, a cika ta da iska har ta yi tauri ƙau. Ya maimaita mini maganar iskar. Siririyar taya, in ji shi, ba ta da tsokar da za ta kare tif, iskar ce kaɗai garkuwarta. In ta yi laushi ka daki bakin rami, ƙarfen wili zai matse tif ɗin ya huda shi gida biyu.

Na yawata Gumel ban sami wadda za ta hau wilina ba. Ranar Alhamis na je kasuwar Maigatari, na iske wani Badamagare mai kayan keke, wanda yake kiran keke belo, yana da irin wadda nake nema guda biyu rataye a rumfa. Bai yarda da ciniki ba sai musaya, don idonsa ya faɗa kan masu haƙorana. Na tsaya a rumfar nan na daɗe. Na san in na ba shi su, na ba shi sana'ata ne, domin siririya ba za ta kai ni Ɗanzomo ba ko da kwandon babu komai. Amma me zan yi da burodi in na zama ma'aikaci? Na kwance su na miƙa masa. Ya ƙara mini da murfin bawul, wai kado, wato kyauta.

Da na dawo gida Baba ya zagaya keken, ya latsa gaba, ya latsa baya.

"Wannan kuma taya ce ko tsintsiya?"

"Ta tsere ce, Baba."

"To Allah ya sa ta san hanya. Ka dai cika mata iska."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Na so in yi masa bayanin malamin, sai na ga doguwar magana ce da mutumin da ya fi ni daɗewa a kan sirdi tun ban zo duniya ba. Na bar shi a kan zolaya ce.

Ranar tseren, bazara ta kai bazara. Tun hantsi ƙasa ta ɗau zafi. Na buga iska a gida har famfo ya ƙi shiga, na bar famfon a zaure don kar ya ƙara mini nauyi. Ban yi zaton Baba zai zo ba, don bai taɓa zuwa kallon wasa ba a rayuwarsa. Sai ga shi a bakin filin, ya sa rigarsa ta Juma'a, yana gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa wancan dogon ɗansa ne. Daɗi ya kama ni ƙwarai. Da aka kira mu mu karɓi lambar da za a liƙa mana a riga, wa zan ba riƙon keke in ba shi ba?

An ɓata lokaci a wurin lambar, ana ta musu a kan wanda ya riga wani. Ina dawowa aka fara jera mu a layi. Baba ya turo mini keken da kansa har cikin sahu, ya dafa kafaɗata, ya rage murya kamar mai ba ni wani asiri.

"Na ɗan rage maka iska, gaba da baya. Da ka tafi da ita haka, rana za ta fasa maka ita tun kafin ka fita gari."

Na sa yatsa na latsa. Ta lotsa. Ba sosai ba, daidai yadda ake so a burtali. Na ɗaga kai na duba, babu mai famfo kusa, mai usur kuma ya riga ya kai shi baki. Jama'a sun kewaye mu, Baba yana murmushi, yana jiran abin da aka saba ce masa.

"Na gode, Baba," na ce.

Aka busa.

Ban taɓa tuƙi da baƙin ciki irin na ranar ba, ban kuma taɓa gudu kamarsa ba. Kafin mu bar gidajen ƙarshe na Gumel na shiga sahun gaba, da muka yi nisa kuma na bar sahun a bayana. Ina jin tayar baya tana ɗan lilo a ƙarƙashina, ina jin kowace tsakuwa a ƙugu. Na riƙa kauce wa ramuka tun daga nesa, ina ɗaga jikina daga sirdi duk inda kwalta ta tsage, ina roƙon Allah da duk addu'ar da na iya. Da tafiya ta miƙa babu abin da ya faru, sai zuciyata ta fara kwanciya. Har na fara tunanin ɗakin da za a ba ni a Dutse.

Kusa da wurin juyawa manyan motocin kan iyaka sun cinye gefen titi, sun bar shi da kaifi. Wata babbar mota ta taho daga Maigatari ta cika hanya, ta ƙi matsawa. Babu yadda zan yi, na gangara ƙasa, da ta wuce na yi ƙoƙarin komawa kan kwalta. Tayar baya ta daki bakin, na ji ƙarfe ya taɓa dutse. Sai wannan sautin, tsssss.

Na ci gaba da taka feda a kan wili, kamar mahaukaci, har tayar ta zame ta naɗe a sarƙa. Na sauka. Wani makiyayi da ke tsaye da sandarsa a gefen hanya ya ce, "Sannu, bawan Allah." Sannan suka fara wuce ni ɗaya bayan ɗaya, yaran da nake yi wa sannu da hanya a burtali. Wani ma har ya waiwayo. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ƙato da ni, a gaban shanu.

Motar da ke bin bayan 'yan tsere ce ta kwaso ni da keken. Ban bari ta kai ni filin ba, na sauka a bakin gari na bi ta lungu na shige gida. Bayan la'asar Baba ya shigo. Bai yi mini jaje ba. Ya ɗauko kwano ya zuba ruwa, ya cire tif ɗin ya buga masa iska da famfon da na bari a zaure, ya riƙa nutsa shi a hankali yana juyawa. Kumfa ya taso daga wuri biyu, dab da juna.

"Ƙaya ce, Baba," na ce.

"A kan kwalta?"

"Shanu suna ratsawa ta wurin. Su suka jawo ta."

Mutumin da ya yi wa tif faci tun kafin a haife ni ya san ƙaya huda ɗaya take yi. Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya zubar da ruwan a gindin darbejiya, ya rataye tif ɗin a ƙusa, ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.

Waɗanda aka zaɓa suka tafi Dutse. Ɗaya daga cikinsu ya dawo hutu da takalmi mai igiya da katin ma'aikaci, ya zo har gida ya gaishe ni, na so ƙasa ta tsage in shige. Na koma wurin Badamagaren nan, ya ce masu haƙora sun daɗe da ƙetare iyaka. Na gwada kai burodi da siririya, na wuni ina tura keke a yashi, burodin ya bushe, masu shago suka sami wani mai kawo musu. Daga baya babura suka cika gari, na shiga acaɓa da mashin ɗin wani. An sake yin gwajin, amma kamar yadda malamin ya faɗa, ko sunana ba a karɓa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na rasa wanda zan yi fushi da shi. Direban motar ban san fuskarsa ba. Baba kuwa me ya yi? Abin da ya yi wa rabin garin nan aka gode masa. Fushin ya rasa mafita ya zauna mini a ƙirji, na zama mai saurin faɗa da fasinja, mai guntuwar amsa a gida. Muna cin tuwo kwano ɗaya da Baba, muna maganar damina da farashin gero, maganar keke kuwa ba ta ƙara shiga tsakaninmu ba.

A ƙarshen shekarun nan ciwo ya kwantar da shi. Wata rana da hantsi na fito da shi inuwa, ina yanke masa farce, sai ya riƙe hannuna.

"Kai, zan tambaye ka, kar ka rufe ni. Ranar nan, da ban taɓa ba, da ka ci?"

Ni ne a gaba a ranar, da tazarar da ko na waiwaya ba na gane fuskar mai bi na. Da na ci. Na sani a lokacin, na sani yau da furfura a kaina. Na dubi idonsa, ya yi zuru-zuru, yana jira.

"Ina! Baba, ai ƙafata ta riga ta mutu tun kafin wurin. Ko da wace irin iska, da sun wuce ni."

Ya saki ajiyar zuciya, ya rufe ido.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe dai ba ka iya ba ne."

Na ce e, na ci gaba da yanke masa farcen.