Tsayin gonarmu a cikin gonar Baffa

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Juma'a, Baffa, yayan babana, ya gama zagaye gonarmu da taku, ya ce ta fi tasa.

Kaka ne ya raba musu gonar da ƙarfinsa ya ƙare. Alwatika ce, gindinta a kan hanyar amalanke ta Bande, tsininta a wani gawo. Ya tsaga gindin biyu daidai, taku sittin sittin, ya ja iyaka zuwa gawon. Kason Baffa ya tsaya cak, kusurwoyinsa duk matsattsu. Namu ya kishingiɗa, kusurwa ɗaya ta buɗe sosai, gefensa na waje ya yi tsawo.

A garinmu da zagaye ake auna gona. Wadda ta fi cin taku ita ce babba. Baffa ya ce ran Talata za a matso da iyakar taku goma, daidai inda Inna take shuka gyaɗarta. Babana bai musa wa yayansa ba.

"Ke ƴar kolej, kin yi shiru," in ji Baffa yana dariya. "Ko bokon bai kai nan ba?"

Na sunkuyar da kai. Ina aji uku a lokacin, ko a kilas ba na ɗaga hannu.

Asabar da Lahadi na zana gonar a kaye, littafin rubutuna, sau bakwai. Gindi sau tsayi, a raba biyu, shi ne girman alwatika, na san wannan. Na Baffa ya fita lafiya. Amma da na ɗora ekar, ma'aunin kusurwa, don in sauko da tsayin tamu daga gawon zuwa hanya, sai layin ya faɗa waje, tsakiyar gonar Baffa. Na goge, na sake, har takardar ta huje. Yaya za a auna gonarmu a cikin ƙasar wani? In na yi magana kuma na yi kuskure gaban manya fa? Inna ta tambaye ni ko zazzaɓi nake, don tuwo ya ƙi shiga.

Ran Litinin na jira kowa ya fita, na tsaya bakin teburin malamar lissafi, na miƙa mata zanen.

"Madam, tsayin ya fita waje."

Ta daɗe tana duba zanen. Ta tambayi na waye, na faɗa mata duka, har gyaɗar Inna.

"Waje yake fita, haka buɗaɗɗiyar kusurwa take," ta ce. "Gindinku ɗaya, tsayinku ɗaya, babu wadda ta fi wata ko da taku guda. Ba ki yi kuskure ba. Amma ni ba ƴar gidanku ba ce, Baffanki ba zai ji daga bakina ba. Ki kai wa Kakanki zanen nan yau, kafin la'asar, ki yi masa bayani da bakinki."