Ranar da Na Kai Masu Jita Gayyar Kawu

Shekarar da na fara aiki a Tiga wata cuta ta kama ni, cutar son kiɗan wasu samari huɗu da ko gidan rediyo bai san da zamansu ba. Duk Asabar bayan la'asar sukan zauna a gindin wani mangwaro kusa da bakin dam. Ɗaya na da jita, ɗaya gurmi, ɗaya yana buga ƙwarya, na huɗun wani siririn Bafulatani ne mai sarewa. Su ke tsara waƙoƙinsu da kansu, kuma ba sa yabon kowa. Daga kewar gida sai budurwar da ta tafi, sai ruwan da ya cinye ƙauyen kakanni. Mu masu sauraro ba mu da yawa, har da masuntan da ke gyaran koma a gefe, amma ni wallahi da mai jitar nan ya lumshe ido ya ja murya sai tsigar jikina ta tashi.

Ni kuma bakina ba ya shiru. Na cika wayata da waƙoƙinsu, na ishi mutanen ofis, na ishi direbobin tasha. Wanda duk ya ce bai ji daɗinsu ba sai in ce kunnensa ne ya lalace.

Ana cikin haka na je gida gaida Kawu, ƙanen mahaifiyata da ya riƙe ni, a ƙauyenmu kusa da Dangora. Na same shi ya yi tagumi. Ciyawa ta kusa shaƙe masararsa, ya kira gayya ranar Lahadi, sai ga shi makaɗin noman garin ya faɗo daga babur ya karye a hannu. Gayya kuwa sau ɗaya ake zuwa wa mutum, don kowa gonarsa na jiransa. Kuma ganga ita ce ke jan aikin, in ta yi zafi fartanya ta yi zafi.

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, wannan ai ba abin damuwa ba ne. Ina da makaɗa."

Ya ɗago ya dube ni. "Kai ɗan nan, sun iya kiɗan noma?"

"Kawu, waɗannan ai babu irinsu a ƙasar Kano!"

Ka ji fa, tambaya daban amsa daban. Shi ma bai lura ba, ya sa mini albarka.

Ranar Lahadi da sassafe muka iso a bayan a-kori-kura. Majiya ƙarfi sun yi layi a bakin gona, kowa ya tofa yawu a hannu, ana jiran a ji ganga. Samarina suka shimfiɗa tabarma a kan iyaka, mai jita ya yi ta murɗa wayoyi har wani ya tambaye ni ko lalacewa ta yi. Daga nan mai sarewa ya busa, a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Sai a lokacin na tuna cewa kaf waƙoƙinsu babu mai sauri ko ɗaya. Wayyo ni!

Mutanenmu kuwa da kiɗa suka saba tafiya. Ƙwarya ta ce tim, fartanya ta sauka. A jira. A jira. Ƙwarya ta sake cewa tim, fartanya ta sake sauka. Ƙatti ne fa waɗanda ke cinye kunya kafin ka kurɓi ruwa, ga su suna tafiya kamar masu jinya. Da aka shiga waƙar budurwar da ta tafi, wani gabjejen mutum da garin ke ji da shi a noma ya dogara fartanyarsa ya ce, "Don Allah samari, a maimaita wannan wurin." Aka maimaita masa. Na kusa da shi ya tsaya taya shi jimami, layi ya karye.

Na ruga na tsuguna kusa da mai jita na ce, "Ɗan'uwa, don girman Allah ku ƙara wuta, gonar nan yau za a gama ta."

Ko buɗe ido bai yi ba. Ya ce, "Waƙar nan ba a yi mata gaggawa."

Ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba. Na ji kamar in fasa masa jitar a ka, ni da na sha cewa hannunsa na zinariya ne. Na koma gefe ina tafi da sauri ko za su bi ni, babu wanda ya kula ni. Matan da suka kawo fura ma suka sauke ƙore suka zauna sauraro.

Azahar ta yi, aka ci tuwo, aka yi salla, aka watse. Kowa sai ya zo ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa zuwa gayyar da ya huta irin wannan ba. Ko rabin gonar ba a kai ba.

Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko fartanya ya miƙo mini ya ce, "Tun da makaɗanka ne, sauran naka ne." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata, don abincin gidan na shekara ne a cikin ciyawar nan.

Na nemi hutu a wurin aiki. Kwana biyu ina fama ni kaɗai, hannuwana suka yi bororo, ƙuguna ya ƙi miƙewa, na rantse ba zan sake sauraron jita ba har abada. A rana ta uku da hantsi na ji motsi a bayana. Kawu ne, ya naɗe ƙafar wando, da tsohuwar fartanyarsa a kafaɗa.

Ya ce, "Kunna mini waƙar yaran nan a wayarka."

Na zaci gatse ne. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, na tuba."

"Kunna na ce. Ka san rabona da in shiga layin gayya? Gangar nan ta fi ƙarfin bayana tuntuni, sai dai in zauna a inuwa kamar baƙo ina kallon ana noma mini gonata. Ranar nan da na ji kiɗan yaran, har na ɗaga ƙafa zan shiga, na ji nauyin idon mutane. Wannan ne kawai kiɗan da ya tsaya ya jira ni."

Idona ya cika. Na kunna, na sa wayar a aljihun gaba, muka kama kunya biyu kusa da juna. Ƙwarya ta ce tim, muka sauke fartanya tare.

Ƙarshen gonar na gabas ba mu kai gare shi da wuri ba, ciyawa ta riga mu, masarar wajen ba ta yi komai ba. Da kaka, da wani ya yi wa Kawu jaje, ina tsaye ya ce, "A bar zancen. Bana da hannuna na noma."