Ranar da Kawu Kofur Ya Kai Ƙarata Wurin Kanar

Duk wanda ya zauna unguwar Nasarawa Gwom ta Jos a shekarun da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula ya san Kawu Haladu ba ya amsa gaisuwar saurayi haka kawai. Ka durƙusa ka ce, "Kawu, ina kwana," sai ya dube ka daga hula har silifa, ya ce, "Kiredit nawa?" In ka ce biyar, ya ce, "Har da Turanci da lissafi?" Da ka fara sosa ƙeya sai ya ce, "To lafiya lau, kurtu," ya mai da kunnensa kan rediyo. A wurinsa mutanen duniya kashi biyu ne: waɗanda takardarsu ta kwaleji ta isa a ɗauke su hafsoshin soja, da sauranmu tarkace.

Shi kansa fa bai taɓa zama a aji ba. Yayan mahaifiyata ne, ya yi shekara ashirin da ɗoriya a soja, ya fito da igiya biyu ta kofur da gwiwa ɗaya mai ba shi labarin ruwan sama tun kafin hadari ya taso. Daga nan ya samu aikin tsaron ƙofa a Abattoir, babbar mayankar dabbobi ta gari. Jarida ba ta karantuwa gare shi, amma haruffa huɗu, A da C da P da F, ya san su kamar 'ya'yan cikinsa. Ya san A da C su ne kiredit, P ka tsira da kyar, F kuwa sai addu'a.

Har tuwon gidansa bai tsira ba. Wata rana muna cin abinci ya ɗanɗana miyar matarsa, Inna Laraba, ya ce, "Wannan P7 ce. Ta wuce dai, amma ba za ta sa anini a kafaɗa ba."

Inna Laraba ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ai daidai da mai gidan na dafa ta. Ranar da ka zama Manjo sai in ƙara nama."

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Ita kaɗai ce a Jos ke rufe masa baki, shi ma ya sani.

A lokacin nan kowane uba so yake ɗansa ya zama hafsa. Gwamna soja, shugaban ƙasa soja, yaro ɗan shekara ashirin da biyu ya shigo unguwa da anini ɗaya a kafaɗa, dattawa na matsa masa a kan benci. To akwai Alhaji Tanko, babban mahauci a Abattoir, mutumin kirki, amma boko bai biyo ta layinsu ba. Ɗansa Sabi'u ajinmu ɗaya. Da sakamako ya fito Sabi'u ya kwaso tara-tara daga sama har ƙasa, in ban da Hausa da ya samu takwas. Ya je ya ce wa ubansa tara ita ce ƙololuwa, ba a ba kowa goma sai Bature. Alhaji ya yanka rago, ya tara jama'a, ya ce ɗansa ya kama hanyar zama Janar.

An gayyaci Kawu a matsayin masanin harkar soja. Tun daga ƙofa Alhaji ya miƙa masa takardar, ya duba, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce, "A kawo abinci." Ya ci tsire, ya ci kayan ciki, ya nemi ƙarin romo, ya wanke hannu, ya yi sakace. Sabi'u yana can bakin zaure gumi na karyo masa cikin sanyin Jos.

Sai Alhaji ya ce, "Kofur, ya ka gani? Hausar nan kaɗai ce ya yi sake, ya samu takwas."

Kawu ya ce, "Alhaji, Hausar nan ita kaɗai ya ci. Wannan takarda ko alfadarin soja aka ba shi ya ja, sai alfadarin ya nemi a sake masa mutum."

Alhaji ya ce, "To don me ba ka faɗa ba tun kafin a ci ragon?"

Ya ce, "An riga an yanka shi. Shi ragon ai bai faɗi jarrabawa ba."

Na yi dariya har da hawaye, ban san tawa na tafe ba. Ni takardata ba ta yi muni ba, kiredit biyar cif, har da Turanci. Amma a lissafi na samu P7, makarantar hafsoshi kuwa ba ta kallon mutum sai da kiredit a lissafi. Ni kuma na riga na gama zama hafsa a raina. Na je wurin mai hoto a Kwararafa na ɗauki hoto da gira a haɗe, na fara tafiya da ƙirji a gaba, har na faɗa wa wata yarinya a layinmu ta shirya zama a bariki.

Sai labari ya zo cewa wani Kanar ya sauka a Jos, kuma Kawu ne odalensa, wato sojan da ke yi masa hidima, a zamanin yaƙi, lokacin Kanar ɗin yana ƙaramin Laftanan. An ce Kawu ya taɓa goya shi a baya ya fitar da shi daga cikin wuta. Mahaifiyata ta yafa mayafi ta tafi gidan yayanta.

Ta ce, "Yaya, maki ɗaya ne fa tsakanin bakwai da shida. Mutumin nan ransa a hannunka ya kwana. Kalma ɗaya za ka yi wa yaron nan nawa, Bala."

Kawu ya ce, "Zan kai shi."

Washegari ya goge lambobinsa da toka da lemun tsami, ya maƙala su a gaban babbar riga. Na ce mu hau tasi, ya ce hafsan da ba zai iya taka mil huɗu ba wa zai bi shi? Haka muka taka, shi da gurguwar gwiwarsa a gaba, ni a baya ina haki da takarda a ambulan.

Kanar na ganinsa ya taso ya rungume shi. Kawu ya zame, ya ƙame, ya sara masa, har sai da Kanar ya ce ya sauke hannu. Aka kawo shayi. Ina zaune a gefen kujera ina ta shirya fuskar hafsoshi. Kanar ya ce, "Baba Haladu, me ke tafe da kai?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗan ƙanwata ne, Bala. Yana son zama hafsa. Ka dubi fuskarsa da kyau."

Kanar ya dube ni. Na ƙara turo ƙirji.

Kawu ya ce, "Ka gane shi? To P7 gare shi a lissafi. In uwarsa ta biyo ta wata hanya sunansa ya zo gabanka, ka soke. Abin da na zo roƙo ke nan."

Shayin ya sarƙe ni. Kanar ya yi dariya har yana dukan cinya, ya ce, "Baba, mutane na zuwa nan da roƙo iri-iri, amma yau na ga sabo."

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Oga, ka tuna ɗan Laftanan ɗin nan da kawunsa ya shigar da shi ta taga? Wanda ya kasa lissafa nisan gada a taswira, ya kai mu inda ya kai mu? Ni na haƙa ramin mutanen da suka bi shi. Shi kuma yana nan da ransa, na ji har ya yi tumbi."

Dariyar Kanar ta tsaya. Ya ce, "Na tuna." Ya juyo gare ni ya ce, "Samari, je ka gyara lissafinka. In ka kawo kiredit, ba ka bukatar ni."

A hanyar dawowa na ɗaure fuska tamau. Shi kuwa sai yabon shayin yake, wai madarar gwangwani ce ta gaske. Mahaifiyata ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba. Ya aika mata cewa ya yafe mata.

Daga nan ya mai da ni gidansa, ya ce horo ya fara, zan sake zama jarrabawar tare da 'yan waje, waɗanda suka riga suka bar makaranta. Ya samo mini malami, maƙwabcinsa Mista Pam, mai koyar da lissafi a wata sakandare, wanda duk Juma'a Kawu ke kai masa ƙullin hanta daga Abattoir. Ya sayi fensir ɗaya, ya yanka shi uku da reza, ya ba ni guda, ya ɓoye biyu a akwatinsa, wai kayan yaƙi ba a fito da su gaba ɗaya. Da an idar da sallar asuba sai ya zaunar da ni a tsakar gida cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, ya tsaya a kaina da littafin a hannu, sau da yawa a juye.

Wata rana ya leƙa takardata ya ce wa Mista Pam, "Malam, wannan X ɗin da kuke nema tun makon jiya, har yanzu ba a same shi ba?"

Mista Pam ya ce, "Oga Kofur, kullum sabon X ne. Yaron nan kan shi yana da kyau, amma lissafi shi yana jin tsoro."

Kawu ya ce, "A soja in mutum ya ɓace sau biyu, kulle shi ake yi. Ku kama shi ku ɗaure."

Duk tambayar da na faɗi, sai in zagaya gidan da gudu sau biyar. Inna Laraba ta ce in aka ci gaba a haka, lissafi dai ba ta sani ba, amma za a samu ɗan tsere. Na tsane shi a watannin nan tsana mai tsanani. Na kuma iya lissafi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da sakamako ya fito na samu C6. Na kawo masa da gudu. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya gano C ɗinsa, ya ce, "C6. Ka shiga, amma ƙofa ta kama maka riga." Yabon da na samu ke nan na wata tara.

Na cike takardun neman shiga, aka kira ni, na ci jarrabawar rubutu, aka gayyace mu Kaduna wurin tantancewa. Unguwa ta ɗauka. Aka fara ce mini Laftanan. Sabi'u, wanda a lokacin ya kama wuƙa a rumfar ubansa yana ta samun alheri, ya ba ni kilishi na guzuri.

A rana ta biyu aka tuɓe mu, aka jera mu gaban likitan soja. Ya ce in jiƙa ƙafa in taka siminti. Na taka. Ya dubi sawun, ya kira abokin aikinsa shi ma ya zo ya gani. Tafin ƙafata a shimfiɗe yake kamar na agwagwa, babu lanƙwasa ko kaɗan. Ya ce irin wannan ƙafa ba ta jure doguwar tafiya da kaya. Babu wanda ya ko tambayi lissafina. Kafin azahar ina tasha da akwatina.

Da na iso Jos ban iya zuwa gidanmu ba, na wuce wurin Kawu. Na tarar da shi a ƙofar gida, na faɗa masa. Ya ce in cire takalmi. Ya sunkuya da kyar, ya kama ƙafata yana juyawa kamar mai tayin kaza a kasuwa.

Ya ce, "Wannan ƙafar gidan ubanka ce. Mu namu akwai lanƙwasa."

Na ce, "Kawu, wata tara ina zagaya gidan nan ba takalmi a gabanka. Ba ka taɓa gani ba?"

Ya ce, "Ni takarda nake dubawa. Ƙafa aikin likita ne."

Nan na fashe da kuka, ƙato da ni, a bakin titi. Ina jira ya ce soja ba ya kuka, ko ya sa ni zagaye. Sai ya matsa mini wuri a bencinsa, ya kashe rediyon, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Muka zauna tare har aka kira magariba. Da zai tashi alwala ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun da ka tafi abinci bai shiga cikina ba. Na raka yara da yawa tasha cikin kaki, Bala. Ba dukansu na tarbo ba." Sannan ya ɗaga murya ya ce wa Inna Laraba ta zuba tuwo na mutum biyu, kuma a sa man shanu.

Da wannan takardar na shiga kwalejin horon malamai, na ƙare ina koyar da lissafi shekara da shekaru, ni da na tsane shi. Kawu bai ga ranar da na fara shiga aji a matsayin malami ba. Damina biyu bayan dawowata daga Kaduna ya kwanta kwana uku, ya cika da safiyar wata Alhamis, Inna Laraba na riƙe da hannunsa tana masa faɗan ya ƙi shan kunu.

Allah ya jiƙan Kawu Haladu, ya yafe masa kaifin harshensa, ya dubi tsarkin zuciyarsa. Allah ya haskaka kabarinsa, da na abokansa da ya binne da hannunsa, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.